Frunze ko Tukhachevsky: wane ne kwamandan juyin juya halin Rasha na gaske?

Ɗan'uwa, ka tambaya a zauren nan cewa tsakanin Mikhail Frunze da Mikhail Tukhachevsky wa ya fi cancanta a kira shi kwamandan juyin juya halin Rasha. Ka kuma ce kai ranka ya fi kwantawa da Tukhachevsky tunda Stalin ya zalunce shi. Ni dai Frunze zan zaɓa, amma bari in jera maka su ka gani da idonka.

Asalinsu ma hannun riga ne. An haifi Frunze a 1885 a Pishpek, garin da yau ake kira Bishkek, babban birnin Kirgistan, mahaifinsa malamin asibiti ne. Ya je karatu Petersburg a 1904, a shekarar ya shiga jam'iyyar Lenin, a 1905 kuma yana cikin jagororin yajin aikin ma'aikatan masaƙu a Ivanovo-Voznesensk, wanda ya ɗauki kwana 72. An kama shi a 1907, sau biyu ana yanke masa hukuncin kisa ana sassautawa zuwa ɗauri da aiki mai tsanani, daga baya aka tura shi Siberiya, ya gudo a 1915. Bai taɓa zama ajin makarantar soja ba. Littattafan yaƙi da kansa ya karanta, sauran kuma a fagen daga ya koya.

Tukhachevsky ya zo duniya a 1893, ɗan gidan sarauta ne a lardin Smolensk, sai dai gidan ya riga ya tsiyace. Ya gama makarantar hafsoshi a Mosko a 1914, ya shiga rundunar dogaran Sarkin Rasha ta Semyonovsky, Jamusawa suka kama shi a 1915. A kurkukun Ingolstadt da ke Jamus ya zauna tare da wani matashin hafsan Faransa mai suna Charles de Gaulle, wanda daga baya ya zama shugaban Faransa. Sai a yunƙuri na biyar ya samu ya tsere, a 1917, bai kuma shiga jam'iyyar Bolshevik ta Lenin ba sai 1918, bayan an ci kasuwa an fara raba riba. Mutum ne mai son kiɗa, har goge irin na Turawa yake sassaƙawa da hannunsa.

Abin da mutane kan manta shi ne sun yi aiki a inuwa ɗaya. A farkon rabin 1919, ana tsakiyar yaƙin basasar Rasha, lokacin da sojojin Admiral Kolchak, jagoran masu adawa da Bolshevik, suka doshi kogin Volga, Frunze ne ke riƙe da rundunonin kudancin fagen gabas, kuma Runduna ta 5 da Tukhachevsky ke jagoranta tana ƙarƙashinsa. Frunze ya karɓe Ufa a watan Yuni, Runduna ta 5 kuma ta ci gaba da kora har ta shiga Omsk, hedikwatar Kolchak, a watan Nuwamba.

Shekarar 1920 ce ta bambanta su. Tukhachevsky, yana ɗan shekara 27, aka damƙa masa fagen yamma gaba ɗaya, ya fatattaki sojojin Poland har bakin Warsaw. Gaggawa ce ta ci shi. Sojojinsa sun yi wa kayan abinci da harsasai nisa, shi yana can Minsk yana ba da umarni daga nesa, 'yan Poland kuma sun gano sirrin saƙonnin rediyon Jar Runduna, wato sojojin Bolshevik, suna karantawa. A watan Agusta Pilsudski, jagoran Poland, ya shigo masa ta gefen da ya bari a buɗe, rundunar ta watse. Sojojin dawakin Budyonny da ake jira su kawo ɗauki suna can wajen Lvov, inda Stalin ke jami'in siyasa na fagen, ba su motsa a kan kari ba. Tukhachevsky ya ɗora musu laifi, kuma Stalin ba mai mantuwa ba ne.

Wata uku bayan haka Frunze ya tsaya a ƙofar Kirimiya, inda Janar Wrangel, jagoran ragowar sojojin adawa da Bolshevik, ya toshe siririyar mashigar Perekop da tsohuwar ganuwa da manyan bindigogi. Gefen mashigar akwai Sivash, wani makeken kududdufin gishiri da taɓo. A daren 7 ga Nuwamba iska ta kore ruwan, sai ya tura sojoji suka ratsa taɓon da ƙafa cikin duhu da sanyin da ke daskarar da rigar da ta jiƙe, suka ɓullo wa masu tsaron ganuwa ta baya. Kafin kwana goma Wrangel ya kwashe mutum wajen 145,000 a jiragen ruwa 126 ya nufi Istanbul. Babban yaƙin basasa a ɓangaren Turai na Rasha nan ya ƙare. Ka ga wanda bai yi makarantar soja ba shi ya gama nasa aikin, mai takardar shaida kuwa ya dawo da kunya.

Kada dai ka ɗauka Frunze waliyyi ne. Shi ya jagoranci cin Bukhara, garin da aka haifi Imam Bukhari, a farkon Satumba 1920. Kwanaki aka yi ana yi wa birnin ruwan bama-bamai ta sama da ta ƙasa, fadar Ark ta ƙone, hasumiyar Kalyan ta ji rauni, Sarki Alim Khan ya gudu, daga ƙarshe ya ƙare a Afganistan. A Kirimiya ma Frunze ya yi wa waɗanda suka miƙa wuya alkawarin afuwa ta rediyo, Lenin ya nuna bai ji daɗi ba, bayan an ci yankin kuma Bela Kun da Rozaliya Zemlyachka, manyan jami'an Bolshevik a yankin, suka sa aka harbe dubban mutane. Alkawarin ya bi ruwa.

Shi kuwa gwanin naka, a 1921 ya yi ayyuka biyu da masu yabonsa ba su son a tuna. A watan Maris ya tura sojoji ta kan ƙanƙarar teku suka murƙushe sojojin ruwan Kronstadt, wani sansani kusa da Petersburg, da suka yi bore, waɗanda su ne suka tsaya wa Bolshevik a 1917. Daga nan aka aika shi Tambov, inda manoma suka yi tawaye saboda ana ƙwace musu hatsi da ƙarfi. Ya yi garkuwa da iyalai, an harbe mutane a ƙauyuka, kuma a ranar 12 ga Yuni ya sa hannu a umarni mai lamba 0116 cewa a yi amfani da iska mai guba a dazuzzukan da 'yan tawaye suka ɓuya. Zaluncin da aka yi masa daga baya bai wanke wannan ba.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne fagen tunani. Tukhachevsky ya hango yaƙin gaba tun da wuri: tankoki a dunƙule, jiragen sama, sojojin laima, rokoki, da dabarar fasa sahun abokan gaba a kutsa can cikin bayansu, wadda suka gina tare da wani hafsa masanin dabarun yaƙi, Triandafillov. Da ita Jar Runduna ta yi aiki a kan Jamusawa daga 1943. Frunze bai samu wannan lokacin ba. Ya gaji Trotsky a shugabancin ma'aikatar soja a Janairu 1925, ya fara gyaran runduna, a ranar 31 ga Oktoba ya mutu bayan tiyatar gyambon ciki, yana da shekara 40. Maganin sa barci ne ya yi masa yawa, kuma manyan jam'iyya ne suka matsa a yi aikin. Voroshilov, na hannun daman Stalin, shi ya hau kujerar, shi ya sa har yau ake raɗe-raɗi. An binne Frunze a gindin bangon Kremlin, garinsu ya ɗauki sunansa daga 1926 zuwa 1991, babbar makarantar hafsoshi ta Mosko ma an taɓa sa mata sunansa.

Tukhachevsky ya zama ɗaya daga cikin mashal biyar na farko a 1935. An kama shi a watan Mayu 1937 da zargin yi wa Jamus leƙen asiri, takardar amsa laifinsa akwai ɗigon jini a jikinta. Shari'ar kwana ɗaya aka yi a 11 ga Yuni, a daren aka harbe shi da wasu manyan hafsoshi bakwai. An kashe matarsa da 'yan'uwansa maza biyu, 'yarsa ta sha ɗauri, sai a 1957 gwamnati ta wanke sunansa. Hafsoshi takwas ne suka zauna alƙalancinsa, shida daga cikinsu ba su ga shekarar 1939 ba. Budyonny, mai dawakin nan da ya makara a Warsaw, yana cikin biyun da suka tsira, ya mutu a 1973 yana da shekara 90.