Tocilar UV mai 365 nm: abin da take iya gaya maka game da tsohon tambulan marar tambari

Duk mai son gano asalin tsofaffin kofunan gilashi masu zanen sassaƙa ya kamata ya mallaki wannan tocila ta UV, wato mai hasken ultraviolet da ido ba ya gani, amma ya san iyakarta tun kafin ya biya kuɗi. Tana nuna abin da aka haɗa gilashin da shi, ta ba ka hasken zamanin da aka yi shi. Sunan masana'anta kuwa ba aikinta ba ne.

A zaɓi mai 365 nm (ma'aunin tsawon zangon haskenta ke nan) wadda aka sa wa baƙin gilashin tacewa na ZWB2 a baki. Masu arha na 395 nm suna watsa shunayyar haske mai yawa har ya binne abin da ake nema. Yawancinsu batirin 18650 guda ɗaya suke ci, kuma kansu yakan yi zafi bayan 'yan mintuna, sai a kashe a huta. A sa tabarau mai kare ido.

A fara ɗauraye kofin da ruwa zalla, domin ragowar sabulun gari kan yi walƙiya fari-shuɗi ya ruɗi mutum. A shiga ɗaki mai duhu ƙirin, a haska gindin kofin ko ƙafarsa, inda gilashin ya fi kauri. In ya ba da kore-kore mai ratsin rawaya, akwai sinadarin manganis a ciki. Da shi ake kawar da launin gilashi har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ana yawan ganinsa a kayan Amurka na 1876 zuwa wajen 1917, zamanin kamfanonin gilashi irin su Libbey a Toledo, Hawkes a Corning da Dorflinger a White Mills. Gam ɗin da aka liƙe ƙafar da ta karye ma yakan tona kansa a wannan haske, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar maka da kuɗin tocilar.

Inda take gazawa shi ne, masana'antun Turai ma sun yi amfani da manganis, kuma masu sassaƙa da dama sayen gilashi marar zane suke yi daga wani kamfani su yanka nasu. Haske ɗaya, hannu daban.

Saboda haka sai a haɗa da ido da yatsa. Sassaƙar hannu tana da kaifi, wanda aka matse a ƙarfen zubi gefensa a dakushe yake, sau da yawa da siririn layin haɗi. A karkata gindin kofin a gaban fitila a hura masa iskar baki, tambarin masana'anta da aka zana da asid, wanda ya koɗe, kan bayyana. Masana'antar gilashi ta Baccarat da ke Faransa ba ta fara sa irinsa a kai a kai ba sai 1936, kafin nan takarda ake liƙawa, wanki ya tafi da ita. A auna tsayi da faɗin baki da milimita, a ƙirga tsinin tauraron da aka sassaƙa a gindin kofin, sannan a gwada da tsofaffin kundayen kayan kamfanonin.