Shokoba ne ko sifirin? Gane wanda ya gaji a bayan motar lodi

Malam, ka ce Hiace ɗinka tana zama ta baya in an yi mata lodi, tana kuma ƙara a gargada, ka rasa wanne za ka canja. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shokoba kuwa rawar sifirin yake kashewa. Don haka motar da ta zauna, sabon shokoba ba zai ɗaga ta ba.

Fara da sifirin. Sauke kaya, ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi daidai. Auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama. In bambancin ya kai santimita 2, ɓangaren da ya yi ƙasa ya gaji ko falle, wato ɗaya daga cikin ƙarafan da aka jera a sifirin, ya karye. Lafiyayyen sifirin a lanƙwashe yake kamar baka. Wanda ya miƙe babu kaya, ya gama aiki. Robar da ke tsakanin aksul da shasi in ta yi sheƙi ko ta fashe, kullum ana dukanta ke nan. Jan layin tsatsa da ya ratsa falle, tsagewa ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yu-bol, ƙarfen da ke ɗaure sifirin da aksul, ya saki: fallaye su riƙa motsi, senta-bol da ke haɗe su a tsakiya ya tsinke, aksul ya goce, mota ta koma tafiya a karkace.

Shokoba alamarsa a tafiya take. Mota ta wuce rami ta ci gaba da lilo, ta yi tangaɗi a kwana, tayar baya ta cinye gurbi-gurbi. Ɗan damshin mai a jikinsa ba komai, amma mai yana gangarowa, ya mutu. Danna baya da hannu ba ya nuna gaskiya a mota mai sifirin falle. Gara ka bi gargada na minti 15 ka taɓa kowane shokoba a hankali: mai aiki zai yi ɗumi, matacce yana nan da sanyinsa.

Ƙarar kuma sau da yawa bushi ne, wato robar da ke cikin idon sifirin, inda aka ɗaure shi da shasi. Sa ƙarfen cire taya a idon sifirin ka banƙara, in ya yi wasa ka samu mai laifin.

A taka matsalar, sifirin nake zargi. Canja hagu da dama tare, da sababbin yu-bol, kuma kada a ɗaure notin bushi sai tayoyi sun taka ƙasa. Ƙarin falle zai ɗaga ta, amma ba ya ƙara wa aksul, taya da birki ƙarfi.