Raku ko tanderun lantarki ga mai gina kaskon turare

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaye ni wanne za ki zaɓa wajen gasa kayan yumɓu, raku ko tanderun lantarki. Tunda kaskon turaren wuta da tulunan ado za ki gina a wurin koyon sana'ar nan na Jidda, ki sa sunanki a rukunin masu gashin raku, wato gashin da ake fitar da kayan daga tanderu da zafinsu, ki bar tanderun lantarki sai gaba.

Kaskon da na fitar a gashina na farko yana ɗakina har yau. Mun taru a filin baya da la'asar sakaliya, malamarmu ta kunna gas, kuma kafin awa ɗaya ta cika zafin ya kai kusan digiri 1000, ruwan ƙyallin da muka shafa, wato shafin da ke sa kayan sheƙi, ya narke. Da aka ɗage murfin tanderun na ga kaskona jawur kamar garwashi, na kama shi da dogon awartaki irin na maƙera, na sa shi cikin garwa mai garin katako da tsofaffin jaridu, wuta ta tashi, aka rufe. Hayaƙin da aka kulle ɗin ne ke yin aikin. Wutar da aka hana iska takan zuƙe iskar da ke cikin shafin, sai jan ƙarfen da aka haɗa a ciki ya fito yana walƙiya, inda ba a shafa komai ba ya koma baƙi ƙirin. Farin shafi kuwa yakan tsattsage saboda sanyin da ya buge shi farat ɗaya, hayaƙi ya bi tsagogin ya zana su. Surukata da ta zo Umra daga Katsina ta daɗe tana juya kaskon a hannunta, ta ce ya tuna mata da tukwanen da ake yayyafa wa makuba da zafinsu. Ta tafi da ɗan'uwansa tsaraba.

Asalin raku daga birnin Kyoto na ƙasar Japan ne, a ƙarni na 16, inda wani magini mai suna Chojiro ya riƙa gina kwanonin shayi ga Sen no Rikyu, mashahurin malamin al'adar shan shayi. Sa tukunya cikin garin katako kuwa daga baya ya zo, Paul Soldner ne ya yaɗa shi a Amurka wajen 1960, kuma wannan salon ne ake koyarwa a yawancin wurare yanzu.

Tanderun lantarki na saya ƙarami, na yi nadama. Sai da aka ja masa wayar wuta ta musamman, gashi ɗaya ya cinye yini, a kuma jira wani yinin kafin a buɗe. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba: a zafin da ya haura digiri 1200 yumɓun da aka yi domin hakan yakan haɗe ya daina tsotsar ruwa, saboda haka duk ranar da kika so yin kofin gahawa ko kwanon miya, shi ne hanya. Kayan raku irin na garin katako suna tsotsar ruwa, datti yana maƙalewa a tsagoginsu, ba a ci ko a sha da su.

Ki nemi yumɓun da aka cakuɗa da garin gasasshen kasko, domin shi ne ke jure fita daga wuta zuwa iska ba tare da ya fashe ba, kuma sai an yi wa kayan gashin farko kafin a shafa ruwan ƙyalli. Ranar gashi ki sa tufafin auduga da safar hannu ta fata, ki ɗaure mayafinki tamau, domin abaya mai roba tana narkewa ta manne a fata.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa. Wasu masu sayar da garin ruwan ƙyalli a intanet suna ƙulla shi a leda ba suna ba bayani, su ce da shi ake yin kwanon abinci, alhali shafi mai narkewa a ƙaramin zafi sau da yawa da dalma ake haɗa shi. Mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Abu mai tsami kamar lemo, tsamiya ko zoɓo yana jawo ta daga jikin kwano, ƙurar garin ma tana shiga huhu lokacin da ake kwaɓawa. Na taɓa sayen irinsa a hannun wani mai zaƙin baki, da na nemi takardar abin da ke ciki ya daina amsa saƙona. Ki sayi mai sunan kamfani da rubutun cewa babu dalma, ki nuna wa malamarku kafin ki buɗe, kuma ki bar cikin kaskon, inda garwashi zai zauna, ba tare da shafi ba.