CT, MRI ko PET: wane hoto ne ke gano bazuwar kansar babban hanji?

Kansar babban hanji ta fi zarcewa hanta, domin jinin hanji ta can yake fara bi. Daga nan sai huhu da tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Shi ya sa likitoci kan fara da CT (hoton X-ray da kwamfuta ke haɗawa) na ƙirji, ciki da ƙugu, tare da allurar rini mai sinadarin aidin ta jijiya. Cikin mintoci ake gamawa. A duba lafiyar ƙoda tukuna, kuma a faɗa idan rinin ya taɓa tayar wa mutum da borin jini. Raunin CT shi ne ɗigon da bai kai santimita 1 ba a hanta, wanda kan yi wuyar rabewa da ƙunshin ruwa marar illa.

A nan MRI (hoton da ke aiki da maganaɗisu) na hanta ke shigowa, musamman da rinin da ake kira gadoxetate. Ya fi CT ganin ƙananan tabo, balle in kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) ya sa hanta ta tara kitse. Ana ɗaukar minti 30 zuwa 45, da riƙe numfashi sau da yawa. Motsi kaɗan ke ɓata hoton. Mai na'urar bugun zuciya ko ƙarfe a jiki ya sanar tun kafin a sa rana. In ana shirin yanke ɓangaren hanta, MRI ya cancanci kuɗinsa.

PET-CT, wato hoton PET haɗe da CT, ya fi tsada, kuma mutane kan ɗauka shi ne ƙarshen magana. Ba haka ba ne. Sukari mai ɗauke da siginar nukiliya ake zubawa ta jijiya bayan azumin awa 6, a jira awa guda; ƙwayoyin kansa sun fi shan sukarin, sai su haska a hoton. Sukarin jini mai yawa na dusashe hoton, kumburi da sabon ɗinkin tiyata kan haska kamar ƙwayoyin kansa, ita kuwa kansa mai majina ko wadda kemo ya taɓa kwanan nan tana iya ɓoyewa. Amfaninsa na fitowa idan awon CEA (gwajin jini na bibiyar kansa) na hawa amma CT bai nuna komai ba.

Sikanin ciki (ultrasound) mai araha ba ya ganin huhu, don haka ba ya maye gurbin CT.

Kaluluwa kuwa, girmanta a hoto kawai ba ya tabbatar da cewa kansa ta shige ta. Sai an cire aƙalla guda 12 a tiyata an duba su a ƙarƙashin madubin likita.