Shekara biyu da Honda NC750X: nawa yake sha?

Duk inda na tsaya da babur ɗin nan sai an yi mini tambaya. Yara su ce, "Baba, nawa yake gudu?" Magidanta kuwa sai sun zagaya shi tukuna, su dubi girman injin, sannan su ce, "Malam, wannan ai sai mai gidan mai." Ban ga laifinsu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma ƙirga lita kamar yadda ake ƙirga mudun shinkafa.

Na hannu na saya, ƙirar 2017, mai giya shida. Injinsa 745cc ne, silinda biyu, tankinsa lita 14.1. Honda ta ce yana yin sama da kilomita 28 a lita guda. Da farko na ɗauka irin zancen masu talla ne, don haka na riƙa aunawa da kaina: in cika tanki har baki, in mayar da mita sifiri, in na sake cikawa in raba kilomitar da na yi da litar da ta shiga. Allon babur ɗin yana nuna nasa lissafin, amma na fi yarda da biro da takarda.

Daga Kano zuwa Kaduna, in na riƙe gudu 90 zuwa 100 a giya ta shida, ni kaɗai ba kaya, nakan samu wajen kilomita 30 a lita. Tafiyar kusan kilomita 230 ce, lita takwas ta kai ni har da canji. Dalilin yana cikin ginin injin. Ba irin mai ihun nan ba ne da sai ya yi ta juyi kafin ƙarfinsa ya fito. Tun daga ƙasa yake ja, kamar ƙaramar mota, kuma ba abin mamaki ba ne tunda masu zana shi sun ari dabaru daga injin motar Honda Jazz. Wanda ya saba da babura masu tsere zai ce ba shi da zafi. Ni dai na wuce wannan shekarun.

To amma fa duk wannan yabon a hannun dama yake, wato hannun da ke murza totur. Ranar da na makara na riƙe 130 daga Zariya har Kano, lita ba ta kai ni kilomita 24 ba. Iska ce ke cinye man. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: daga 90 zuwa 130 ninkawa take yi, har da ɗoriya. Mintocin da na rage a hanya ba su kai in sha shayi ba, amma aljihuna ya ji a jikinsa.

Akwatunan gefe su ma haka. Na ɗaura masa guda biyu na ƙarfe, masu faɗi, don tafiya Jos da ƙanena. Na zaci nauyinsa ne zai ja mai, yaron ma har yana cewa, "Yaya, ko in rage cin tuwo?" Hawan tudu bayan Saminaka lallai ya taɓa man, amma saukowa ta rama. Da na dawo na bar akwatunan a jiki mako biyu babu komai a ciki, sai na ga har yanzu lissafin bai koma daidai ba. Ashe faɗinsu ne ke tare iska. Yanzu sai tafiya ta kama nake ɗaura su. Don zirga-zirgar gari, wurin ajiyar da ke gaba, inda sauran babura ke da tanki, ya ishe ni. Hular kwanona tana shiga cif.

Tankin kansa a ƙarƙashin kujerar baya yake. Wannan ya sa nauyin ya sauka ƙasa, babur mai kusan kilo 220 ya zama da sauƙin juyawa a cunkoson Ƙofar Ruwa. Sai dai in ka ɗaure jaka a baya, duk shan mai sai ka kwance ta, mai zuba man yana kallonka, na bayanka suna hon.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna taruwa. Iskar taya a ma'aunin psi 36 ce a gaba, 42 a baya. Mai faci in ba ka tsaya a kansa ba da yatsa zai danna ya ce ta yi. Kaca in ta bushe tana jan ƙarfin injin. Lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar iska tun kafin lokacin da littafin ya ce a canza ta, don haka bakanikena yake duba ta duk sauyin baƙin mai. Sau ɗaya kuma na sayi man galan a bakin hanya don tsoron yankewa. Babur ya yi ta tari har na isa gida, sai da aka zuƙe tankin. Tun daga nan, da na wuce kilomita 300 nake neman gidan mai, duk da na san zai iya kusantar 400.

In cikin gari kawai kake yawo, Boxer ta fi shi arha nesa ba kusa ba, kayan gyaranta kuma ko a ƙauye akwai, shi kuwa wani abin sai an aiko daga Legas. Amma abokan tafiyata masu babura masu injin 1200cc duk tsayawa sai sun leƙo rasiɗina, kuma ɗaya daga cikinsu ya fara tambayata ko zan sayar.