Gorar ruwa da kular abincin 'yan makaranta a kasuwannin Bauchi: wacce ta cancanci kuɗinki?

Da zarar an kusa komawa makaranta, shagunan kayan roba na Kasuwar Wunti da Muda Lawal sukan cika da gorunan ruwa masu launi da hotunan katun. Yaro hoton yake gani, mai shago kuma ya san haka. Amma hoto ba shi zai hana ruwa jiƙa littafin lissafi ba. Ingancin gora a murfinta yake, don haka daga murfi za mu auna iri ukun da suka fi yawa a kasuwa.

Ta farko ita ce mai bututun zuƙa, wadda ake danna maɓalli murfin ya tashi. Ita ta fi ɗaukar ido, ita kuma ta fi saurin mutuwa. Murfinta kaɗai yana da sassa biyar ko shida: maɓalli, ɗan ƙarfen da ke ɗaga marufin, hannun da marufin ke lilo a kai, bakin roba mai laushi, bututun da ke sauka ciki, da zoben robar da ke tare ruwa. Ɗaya ya lalace, gorar ta tashi aiki, kuma da wuya a sami na canji. Yara suna tauna bakin robar har ya tsage. Abin da ya fi damun mu shi ne ƙazanta. Ki zare bututun gorar da ta yi wata guda tana aiki, ki ɗaga shi wajen haske, sau da yawa za ki ga baƙaƙen ɗigo a ciki. Fumfuna ce, saboda cikin bututun ba ya bushewa, soso kuma ba ya shiga. In ɗan naziri ne da bai iya kafa kai ya sha ba sai ya jiƙe rigarsa, to a saya masa, amma a haɗa da siririn burushin wanke bututu, kuma kada a zuba mata komai sai ruwa zalla.

Ta biyu ita ce ta roba mai faɗin baki da murfin murɗawa. Ba ta da kwalliya, amma ga yawancin gidaje ita muka fi yabawa. Sassanta uku ne kacal, jiki da murfi da zoben roba, soso yana shiga har ƙasa, ƙanƙara ma tana shiga. Kafin ki biya, ki juya gindinta ki nemi ɗan alwatika mai lamba a ciki. Lamba 5 ita ake so, don tana jure ruwan ɗumi da faɗuwa. Lamba 1 ita ce robar ruwan kwalba da lemo, an yi ta don a sha a yar, ruwan zafi yana lanƙwasa ta. Lamba 7 tarkace ce, a cikinta akwai robar da ke ɗauke da sinadarin BPA, wanda ake tsoron illarsa ga lafiya, shi ya sa gara a kauce mata in ba a rubuta cewa babu shi ba. Wadda babu lamba ko kaɗan, ko kika buɗe warin roba ya buge ki, ki mayar wa mai ita. Araha ba ta ado. Rauninta ɗaya ne, kuma a Bauchi ba ƙarami ba ne: a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, kafin a fita tara ruwan ya zama na wanka. Maganinsa a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku da dare, a kwantar da ita a firiza, da safe a cika da ruwa. Kada a cika ta fal a daskarar, ƙanƙara tana kumbura ta fasa roba. A naɗe ta da tsohuwar safa mai tsabta don gumin jikinta kada ya taɓa littattafai.

Ta uku ita ce ta ƙarfe mai bango biyu, wato irin filas. Ta gaske tana riƙe sanyi har a tashi daga makaranta, a tafi Islamiyya ma da sauransa. Sai dai jabu sun yi yawa, masu bango ɗaya da aka yi wa fenti mai kauri. A nemi rubutun 304 ko 18/8 a gindi ko a ciki, alamar ƙarfen da ba ya tsatsa kenan. Gwaji mafi tabbas kuwa a gida ake yi, don haka ki yi magana da mai shago tun farko cewa za ki dawo da ita in ta faɗi gwajin: a zuba tafasasshen ruwa, a rufe, a jira minti biyar. In jikin ya ɗau zafi a hannu, ba ta riƙe komai. Ta gasken ma in ta faɗi ta lotse sosai takan daina riƙe sanyi, ga ta da nauyi, shi ya sa ta fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa sama. Ba a sa ta a firiza. Akwai kuma ta alminiyam mai kama da ita, marar nauyi, wadda ba ta riƙe sanyi, kuma ba a zuba mata zoɓo ko ruwan tsamiya saboda tsaminsu yana cin jikinta.

Kowacce kika zaɓa, ki gwada ta a gaban mai shago. Leda ɗaya ta fiya wata, a zuba, a rufe, a kifa, a girgiza da ƙarfi, sannan a kwantar da ita a kan takarda. Yawancin yoyo daga zoben roba yake, ko ya karkace ko ya faɗi wajen wanki. Ledar nan kuma ita ce ma'auninki, tunda rabin lita ce. Ɗan naziri mililita 350 zuwa 400 ta ishe shi, ɗan firamare 500 zuwa 750. Lita guda ta ruwa kilo guda ce a bayan yaro, ban da littattafai.

A gidan da yara huɗu ko biyar ke fita lokaci ɗaya, rikicin safe ba ya wuce "ina murfina?" da "ya ɗauki tawa". Kowane yaro a ba shi launinsa, gora da kula iri ɗaya, kuma kada a canza. Sunan da aka rubuta da maka yana gogewa cikin mako guda, sai a rufe rubutun da farin salatif, ko a rubuta da jan farce a gindi da kuma kan murfi, tunda murfin ne ya fi ɓacewa. A ware kwando ɗaya a kicin. Yaro na dawowa ya zubar da ragowar ruwa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a kife gorar a buɗe, murfi a gefenta, ba a rufe ta sai da safe. Gorar da aka rufe da danshi ita ke wari. Sau ɗaya a mako a ɓanɓare zoben robar da bayan cokali a wanke ƙarƙashinsa. Mai ƙaramin baki kuwa, a zuba mata cokali ɗaya na ɗanyar shinkafa da ɗan ruwan sabulu a girgiza, ƙwayoyin za su kankare ta. A kuma ja wa yara kunne kan shan baki ɗaya da abokai, musamman lokacin mura da damina. Kunun zaƙi, kunun aya da fura da nono ba na gorar makaranta ba ne. Zafi yana sa su tsami cikin 'yan awoyi, iska ta taru, murfi ya yi tsalle a cikin jaka.

Kula iri biyu ce a kasuwa. Mai gida-gida ta roba tana da kyau ga busasshen abinci: biredi, awara, cincin, 'ya'yan itace. Ba ta raba miya, ko me mai shago ya ce, don murfi ɗaya ne ya rufe dukkan gidajen, da jaka ta karkata sun gauraya. Ta ƙarfe mai riƙe zafi ita ce ta shinkafa da wake, taliya ko masa. A fara cika ta da tafasasshen ruwa minti biyar zuwa goma, a zubar, a zuba abinci yana tururi, a cika ta sosai, don rabin kula tana saurin hucewa. Dafaffen abincin da ya huce bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba, a tsananin zafi ma awa ɗaya. Ki sa yaron ya buɗe kular da hannunsa a shago. Akwai yaran da ke dawowa da abincinsu ba don ƙoshi ba, murfin ne ya fi ƙarfinsu, kunya kuma ta hana su roƙon malama.

Ƙaramin gidan nan na kula mai gida-gida shi ne wurin ba-zata, kuma ba sai an kashe kuɗi ba. Dabino biyu da aka cire wa ƙwallo, gutsuren kantu, tuwon madara ɗaya ko gullisuwa. Kankana ko biredi a danna musu bakin ƙaramin kofi su fito zagaye. Dafaffen ƙwai a zana masa ido da baki a ɓawo. Wanda yara suka fi so shi ne ayaba: ki rubuta sunan yaro a ɓawon da tsinken sakace, da safe kusan ba a gani, kafin tara rubutun ya yi baƙi ya fito fili. Wanda ya fara karatu a sa masa kacici-kacici a 'yar takarda, kamar "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", a ce sai ya dawo gida da amsa. Takardar a sa ta a leda ko a manna ta a wajen murfi, don mai yana cinye tawada. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma a riƙa canza rana, in ba haka ba yaro zai mai da shi haƙƙi, ya ci zaƙin ya bar shinkafar.

Yaron da bai kai shekara biyar ba kada a sa masa gyaɗa, aya ko alawa mai tauri, suna shaƙe yara, ga shi a aji babu mai zuba masa ido yana ci. Alawar cakuleti kuma a bar ta sai hunturu, a watan Afrilu narkewa take yi ta manne a murfi.