Tarwaɗa, ƙarfasa ko kifin Turawa? Abin dubawa kafin ka sayi kwami da 'ya'yan kifi

Wani ƙanena da ke aiki a Kaduna ya turo mini bidiyon wani Bature a bayan gidansa. Ƙorama ce take gangarowa daga dutse, ta zuba cikin ɗan tafki, ta fice ta ɗaya gefen, ga kifaye masu ɗigo-ɗigo da jan zane a kwiɓi suna ta kai da komo. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, irin wannan nake so in yi a filina. A ina ake samun irin?" Na ce masa kafin ya nemi iri, ya fara sayen ma'aunin zafi ya tsoma a ruwan rijiyarsa da tsakar rana a watan Afrilu, sannan mu yi magana.

Kifin da ya gani sunansa tirawut. Wanda aka fi kiwatawa, mai launin bakan gizo, ya fito ne daga kogunan yammacin Amurka ta Arewa, kuma ɗan sanyi ne na gaske. Ya fi girma a ruwa mai digiri 10 zuwa 16. Da zarar ruwan ya haura 20 sai ya fara ƙin abinci, a wajen 25 kuwa sai gawa. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe iskar da kifi ke shaƙa, shi kuma tirawut mai yawan buƙatarta ne, don haka ƙoramar nan ta Baturen ita ce numfashin kifin, ko da yake a ido kamar ado take. A Afirka ana kiwonsa, amma duba wuraren: dam ɗin Katse a tsaunukan Lesoto, tuddan Afirka ta Kudu, da gindin Dutsen Kenya. Ruwan burtsatse a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana fitowa sama da digiri 25 tun daga ƙarƙashin ƙasa, kafin ma rana ta taɓa shi. Sanyin hunturu na 'yan makonni ba zai riƙe kifin da ke buƙatar watanni da yawa kafin ya isa ci ba. Wanda ya ce zai sanyaya ruwan da inji, to ya lissafa kuɗin man janareto, zai bar maganar da kansa.

Saura namu na gida, kuma a nan zaɓin gaske yake.

Tarwaɗa ce sarauniyar kiwon bayan gida, kuma ba a banza ba. Allah Ya yi mata wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa za ka ga tana leƙowa tana komawa. Wannan ne ya sa take jure cunkoso da ruwan da wani kifin ba zai kwana a ciki ba. Ɗumin digiri 26 zuwa 30 shi take so, wato yanayinmu na yau da kullum. Kasuwarta kuma a shirye take: masu farfesu, masu gashi da yamma, masu banda. Aibinta biyu ne. Tana da ci, kuma cin mai tsada, domin abincinta sai da sinadarin gina jiki mai yawa. Sannan tana cin 'yar uwarta. Idan ka zuba ƙanana ka ƙi tace su, wato ware manya daga ƙanana, 'yan kaɗan za su yi wa sauran fintinkau, su koma haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana ta zargin yaran gida da sata.

Akwai ramboshi, ɗan uwan tarwaɗa mai kitsen ƙaya a baya, wanda ya fi ta girma idan aka ba shi lokaci, akwai kuma barbaren da masu ƙyanƙyasa ke haɗawa tsakanin su biyun. Waɗannan sun fi dacewa da mai haƙurin jiran manyan kifi masu kilo biyu ko fiye. Mai son ya juya kuɗinsa cikin wata huɗu zuwa shida, tarwaɗa zalla ta fi masa.

Ƙarfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ta fi sauƙin ciyarwa domin tana cin gansakuka da dusa da ganye, mutane da yawa kuma sun fi son namanta. Amma ba ta shaƙar iskar sama, ruwa na ɓaci za ka gan ta ta taso tana haki. Babbar matsalarta haihuwa: tun tana ƙarama take fara zuba 'ya'ya, uwar ta riƙe ƙwan a baki, kafin ka ankara tafki ya cika da ƙananan da ba mai saye. Maganin abin shi ne a sayi maza zalla daga wurin da aka yarda da shi. A ganina ƙarfasa kifin mai fili ce da tafkin ƙasa. A ƙaramin kwami na tsakar gida wahalarta ta fi ribarta.

To a me za a zuba su? Kafin wannan tambayar akwai wadda ta fi ta, kuma ita mutane suka fi tsallakewa: daga ina ruwan zai zo, kuma ina zai tafi?

Mu yi lissafi. Kwami mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, ruwa ya kai zurfin mita 1, yana cin lita 6,000. Jarka 240 ke nan mai lita 25. Idan kifi suka girma suna ci da yawa, za ka riƙa rage rabin ruwan kana sabuntawa duk bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci kullum. Jarka 120 a kowane canji. Mai dogaro da 'yan garuwa ya ga amsarsa. Mai dogaro da famfon gwamnati yana da matsala biyu: ranar da ruwa bai zo ba, da kuma sinadarin kulorin da ake zubawa, wanda ke kashe ƙananan kifi idan ba a bar ruwan ya kwana a buɗe ba. Rijiya mai ƙarfi ko burtsatse mai sola da tankin ajiya a sama, wannan shi ne jarin farko, ya riga kwami ya riga kifi. Ruwan da aka zubar kuma wari gare shi. Idan kwatarka tana bi ta ƙofar maƙwabci, ka shirya zuwa gaban mai unguwa. Wanda ya yi dabara yakan karkatar da shi zuwa gindin ayaba, zogale ko ɗan lambun alayyafo, domin taki ne mai kyau.

Kwamin siminti shi ne na mai gidan kansa. Yana daɗewa shekara da shekaru, ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi, ɓera ba ya huda shi. Kuɗinsa na farko ne mai nauyi, kuma aikin yana son magini da ya taɓa yi. A cika ramukan bulo da kankare, a sa rodi a kusurwoyi, domin ruwan lita 6,000 nauyin tan shida ne yana tura bango dare da rana. A karkatar da daɓen zuwa wurin bututun fitar ruwa yadda ƙazanta za ta gangara da kanta, a kuma goge cikin ya yi sumul, saboda tarwaɗa ba ta da ɓawo, bango mai kaushi yana ji mata ciwo. Sabon siminti guba ne ga kifi. Sai an jiƙa kwamin na mako biyu ko fiye ana zubarwa ana sakewa. Wasu na jefa kututturen ayaba ko buhun kashin kaji a ciki har bangon ya yi kore. Ni na koyi wannan da tsada: magini ya gama ranar Talata, na wanke sau biyu, na zuba kifi ranar Asabar don ɗoki, da asubahin Lahadi na kwashe su da kwando.

Tamfol shi ne na ɗan haya da mai gwaji. Ana ɗinka shi daidai girman da kake so, a ɗora a kan firam na bututun ƙarfe ko katako, a kafa a yini ɗaya, ranar tashi a naɗe a tafi da shi. Ba ya buƙatar jiƙo mai tsawo irin na siminti, wanki mai kyau ya isa. Sai dai tamfol suna ya tara. Ka taɓa kaurinsa da hannunka, ka duba haɗin: wanda aka manne da zafi ya fi wanda aka ɗinka da zare, domin ramin allura hanyar yoyo ce. Ka tambayi ko firam ɗin ƙarfen mai jure tsatsa ne. Katako ya fi araha, amma gara tana jiransa. Rana ce babbar abokiyar gabarsa, tana busar da shi har ya tsage, don haka rumfa dole ce. A share ƙasa a zuba yashi kafin a shimfiɗa, a kuma yi maganin ɓera da gafiya. Da hunturu ruwan tamfol yakan yi sanyi da dare fiye da na siminti, kifi su rage ci, girma ya tsaya. Masu ƙwarewa kan lulluɓe shi da leda da daddare, su jinkirta abincin safe sai rana ta ɗaga.

Tankin roba, musamman farin nan mai lita 1,000 da ke cikin kejin ƙarfe wanda ake yanke wa kai, ya dace da uwargida mai son kifin miya da ɗan na sayarwa a unguwa. Kifi 50 zuwa 80 sun ishe shi idan ana so su yi girma. Abu ɗaya: kusan duk na hannu ne, sai ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya ɗauki sinadarin masana'anta ko maganin feshi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Tafkin ƙasa shi ya fi kama da na Baturen ƙanena, kuma a cikinsa kifi ya fi sakewa, domin yana samun ƙwari da tsutsa ban da abin da ka ba shi, ruwan ma ba ya son yawan canji. Amma sai ƙasar yumɓu mai riƙe ruwa, irin ta fadama. A jigawa ruwa zurarewa zai yi. Gwajin mai sauƙi ne: ka jiƙa ƙasar ka dunƙula, ka jefa sama ka cafe, idan ta wargaje ba ta yi ba. Mai fili a bakin rafi kada ya tare rafin ya ce ya yi tafki. A haƙa a gefe, a jawo ruwa da bututu mai raga a baki, a ɗaga gaɓar sosai, in ba haka ba ambaliyar watan Agusta za ta raba wa mutanen ƙasa da kai kifinka kyauta. Ga zalɓe, ga guza, ga kwaɗi da macizai, ga mai ƙafa biyu da ke zuwa da taru cikin dare. Tafkin da ba a kwana kusa da shi, sai da mai gadi.

Sayen 'ya'yan kifi shi ne inda aka fi cutar sabon shiga. Akwai ƙanana masu tsawon ɗan yatsa da ake kira fingalin, akwai waɗanda suka ɗan tasa da ake kira jubenal. Na farkon sun fi araha, amma sun fi mutuwa, kuma suna son abinci mai laushi mai tsada da tacewa a kai a kai. Mai farawa ya ƙara kuɗi ya sayi jubenal. Ka je wurin ƙyanƙyasar da ƙafarka, kada ka yi saye ta waya. Ka sa a watsa abinci a gabanka: masu lafiya rububi suke yi. Ka duba girmansu ya zo ɗaya, babu masu lanƙwasasshen baya, babu masu tsayawa a tsaye a saman ruwa. Ka tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su, domin akwai masu sayar da ragowar da aka tace, tsofaffi masu ƙaramin jiki da babban kai, waɗanda ko buhu nawa suka ci ba za su motsa ba. A ɗauko su da sassafe ko da yamma, ba a ba su abinci ba, a jarkar da aka yanke wa sama. In an iso gida a riƙa zuba ruwan kwamin kaɗan-kaɗan cikin jarkar kafin a sake su. Mai neman horo ko shawarar masana, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya a New Bussa ta jihar Neja, kusa da dam ɗin Kainji, ga kuma sashen kifi na ma'aikatun gona na jihohi.

Abinci shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon. Buhun da aka saba kilo 15 ne, ƙwayar kuma tana tafiya da bakin kifi: milimita 2, sai 3, sai 4, sai 6, har 9. Na waje irin su Coppens da Aller Aqua an san su da kyau wajen tayar da ƙanana, na gida irin su Blue Crown da Vital sun fi sauƙin kuɗi, shi ya sa da yawa ke farawa da na farko a watan farko su ƙarasa da na biyu. Mai yawo a saman ruwa ya fi mai nutsewa tsada, amma da shi kake ganin ko kifi sun ƙoshi, ragowar mai nutsewa kuwa a ƙasa take ruɓewa ta ɓata ruwa. Ka duba ranar ƙarewar aiki a jikin buhu, ka shinshina, mai warin fumfuna a bar wa mai shago kayansa. Ƙiyasin da nake aiki da shi: kowane kilo na kifi yana cin kilo ɗaya da ɗan ɗori na abinci mai kyau. Kifi 1,000 da ake so kowanne ya kai kilo za su ci buhu 70 zuwa 80. Kifi 200 kuwa buhu 15 ko 16. Ka tambayi farashin buhu yau, ka ninka, ka ga ko aljihunka zai kai wata na biyar, lokacin da suka fi ci. Wanda kuɗinsa ya ƙare a wata na uku, dillali ne zai yanka masa farashin da ya ga dama, sai fa idan ya iya banda ya ajiye.

Ƙanen nawa ya auna ruwansa, ya turo mini hoton ma'aunin yana kan 29. Gidan nasa ne, amma burtsatsen na haɗin gwiwa ne da maƙwabta, ana ba shi ruwa sau uku a mako. Na ce ya bar siminti tukuna, ya sayi tamfol biyu matsakaita maimakon babba ɗaya don ya sami inda zai riƙa ware manya daga ƙanana, ya ƙara tankin ajiya, ya zuba jubenal 200 na tarwaɗa bayan hunturu ya wuce. Ya ce ɗari biyu ai wasan yara ne. Na ce ya je ya tambayo kuɗin buhu 16, ya kuma sami mai farfesun da zai saya kafin ya biya kuɗin tamfol ɗin.